Yaya ake gane irin gora kafin a dasa?

Mai garka a Saga:
Assalamu alaikum. Ina son dasa gora a gefen garka a nan unguwar Saga ta Yamai, kusa da kogi, don tare iska da samun sandunan rumfa. Masu saida dashe kowa cewa yake tasa ce babbar. Da me ake rarrabe su?

Malamin gandun daji:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi hukunci da ganye, dashe ƙanana duk kama suke yi. Ka ce a kai ka gindin uwar da aka ciro shi, a sare sanda guda da ta ƙosa daidai ƙirji, ka dubi bakin saran.

In cikin a cike yake, ko ramin bai wuce shigar fensir ba, gorarmu ce ta gida, Oxytenanthera abyssinica. Kaurinta da wuya ya kai santimita 10, amma tana jure fari, ta zubar da ganye da rani ta sake toho da damina. In kuwa ramin mai faɗi ne, naman bangon kamar santimita 1, sandar tana sheƙi, kore ko rawaya mai ratsin kore, to Bambusa vulgaris ce. Inda ta samu ruwa tana kai mita 10 zuwa 20.

Sai ka ɗauki ɓawon da ke rufe sabon toho, wanda ke faɗowa gindi. Na vulgaris yana da kunnuwa biyu a sama masu gashi tsaye a baki, bayansa kuma baƙin ƙaiƙayi. Wannan ɓawon ya fi komai tona iri. A kama shi da tsumma, yana sa susa.

Masassaƙi daga kasuwar Katako ta Yamai:
Gaskiya ne, Malam. Ƙari kaɗan: wasu na haɗa gora da gwangwala. Gwangwala reshen tukurwa ce, ba ta da gaɓa, cikinta totuwa. Ba ta ɗaukar nauyin da gora ke ɗauka.

Alhaji, in rumfa ce, vulgaris ƙwaro na sonta ƙwarai saboda abincin da ke cikin namanta. Alamarsa ƙananan huda da farin gari a ƙasa. Kada a sare wadda ba ta shekara 3 zuwa 4 ba, ɗanya motsewa take ta tsage. A sare da rani, a nutsar da ita cikin ruwa sati 4 zuwa 6, a shanya a inuwa. Ƙusa tana tsaga ta, sai a huda tukuna ko a ɗaure da waya. Gindin kuma a ɗora kan dutse ko siminti saboda gara.

Mai garka a Saga:
Na gode. To wadda ake cewa kaurinta ya kai bokiti fa?

Malamin gandun daji:
Dendrocalamus giganteus ke nan, ta Asiya, mai kai mita 30. Ƙasar ruwa mai yawa take so, mu kuwa Yamai abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, ga hunturu da zafin Afrilu. Ko da ban ruwa ban ba ka shawararta ba.

Bakin kogi ka sa vulgaris: yanki mai gaɓa biyu da idonsa lafiyayye, a kwantar a rufe da ƙasa farkon damina, mita 5 tsakanin gindi da gindi. Ta gida ba ta cika kamawa da yanke ba, sai a tsago ta da saiwarta ko a shuka ƙwaya. Kuma toho na shekarar farko siriri yake fitowa ko wane iri ne, kaurin gaske sai gindin ya shekara 4 ko 5.