Windows ya ƙi wuce tera 16, don Allah a taimaka

Mai Situdiyo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da situdiyo nan Maraɗi kusa da babbar kasuwa, bidiyon biki da suna muke ɗauka. Shekara ukku da suka wuce na haɗa diski huɗu masu tera 4 a RAID 5 (haɗa diski da yawa su zama ɗaya, yana jure mutuwar guda ɗaya), ya ba ni tera 12, na yi mishi fomat da NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows. Yanzu wuri ya cika, na aika Kano aka kawo min ukku na ƙara, katin RAID ya nuna tera 24 lafiya lau amma Windows in na ce ya faɗaɗa sai ya ƙi, wai kulasta sun yi yawa. Mi ke nan kuma? Ga bukukuwan bayan salla sun matso.

Injiniya Zariya 2:
Wa alaikumus salam. Ƙanena diskinka ƙalau suke, matsalar tun ranar fomat ta faro. NTFS yana yanka wuri ƙanana-ƙanana, su ne kulasta, kuma lissafinshi bai wuce kamar biliyan 4 ba. Kai ka bar shi a kan kilobait 4 da yake zaɓa da kanshi, to 4 sau biliyan 4 tera 16 ke nan, nan ya tsaya. Da ka sa kilobait 64 da sai tera 256. Kuma fayil ɗin bidiyo manya ne, ba asarar wurin da za ka yi. Windows ba ya sauya girman kulasta sai da sabon fomat, sai ka kwashe komi tukuna.

Ɗan Tibiri:
A duba ko MBR ne, tsohon tsarin raba diski, shi ma yana hanawa

Injiniya Zariya 2:
A'a, MBR a tera 2 yake tsayawa, shi da ke da 12 ai GPT ne, sabon tsarin.

Hajiya Linux:
Ni dai da ni ce da na sa Linux da tsarin fayil na XFS na huta, tun 2014 kamfanin Red Hat suka maida shi na asali, manyan fayil ne abincinshi, sai dai in ka faɗaɗa ba ya komawa baya. Amma abin da ya fi damuna RAID 5 da diski bakwai, ga zafin Afrilu ga kuran na zuwa yana tafiya, in ɗaya ya mutu ana cikin sake gini wani ya bi shi, shi ke nan bikin mutane ya tafi, mi za ka ce ma uwar amarya? Tunda fomat za ka yi koma RAID 6 mai jure mutuwar diski biyu, tera 20 za ta rage maka, kuma ka sayi ondilar mai kyau, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Mai Situdiyo:
Na gode ƙwarai Hajiya, na gode yaya. To tera 11 ɗin nan ina zan juye ta kafin fomat? Akwai mai aron diski na kwana biyu?

Injiniya Zariya 2:
Ina da guda biyu masu tera 8, zo bayan la'asar. Ka taho da kebul ɗinka.