Mai manyan gangunan nan na bayan okestira, sana'arsa ke nan har ya tsufa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu sanin kiɗan Turawa ce. A bidiyon okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗan nan, nakan ga wani mutum can baya, zaune tsakiyar manyan ganguna huɗu na jan ƙarfe. Sauran suna ta jan goge, shi kuwa ya harɗe hannu, can sai ya doka sau biyu ko uku ya koma ya zauna. Wani lokaci ma ya sunkuya ya kara kunne a kan fatar. Wai wannan aiki ne da ake ɗaukar mutum a kai har a biya shi albashi? Ko dai wanda ba shi da abin yi ake jawowa?

Malamin Kiɗa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gangunan nan sunansu timfani, kuma mai kaɗa su yana cikin manyan ma'aikatan okestira. Galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da kujerar, idan ya samu kuwa ba ya saki.

Sunkuyawar da ka gani, nan aikin yake. Timfani ba dum-dum kawai take yi ba, kowace tana da muryar da aka rubuta mata a takarda. Kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata murya ta hau, haka shi ma yake taka feda da ƙafa fatar ta ɗame ko ta saki. To matsalar ita ce, sau da yawa dole ya sauya muryar gangar a tsakiyar wasa, alhali mutum tamanin ko fiye suna kaɗa wata murya dabam a gabansa. Sai ya ɗan taɓa fatar da yatsa a hankali, ya saurara, ya gyara, kuma duk wannan lokaci yana ƙirga inda aka kai a zuciyarsa don kada wurin shigarsa ya wuce shi. Mai goge ɗaya cikin goma sha shida ya kuskure, ƙila ba wanda zai ji. Shi ya kuskure, har na kujerar ƙarshe a zauren ya ji. Idan kuma fatar maraƙi ce aka ɗaura ba ta roba ba, danshin ɗakin kaɗai ya isa ya sauke masa murya. Ni ina gaya wa yaran da nake koyarwa, hannu kowa na iya horar da shi, kunnen ne ke tankaɗe mutane.

Misalin da na fi so shi ne Saul Goodman, haifaffen Brooklyn a Amurka. Ya hau kujerar timfani ta okestirar New York Philharmonic a 1926 yana ɗan shekara 19, ya gaji malaminsa Alfred Friese, bai sauka ba sai 1972. Shekara 46 ke nan a kujera guda, ya yi aiki da manyan jagororin okestira irin su Toscanini da Leonard Bernstein. Ya haɗa da koyarwa a makarantar kiɗa ta Juilliard shekara 41, ya rubuta littafin koyon timfani a 1948 wanda har gobe ana karanta shi, ya kuma ƙera nasa gangunan da ake ɗame fatarsu da sarƙa da nasa sandunan kiɗa. Da ya sauka, ɗalibinsa Roland Kohloff ne ya hau. A ganina koyarwar ta fi kiɗan nasa tasiri, domin ɗalibansa sun bazu cikin manyan okestirorin Amurka.

Akwai ma Vic Firth, shi ma ya yi karatu a wajen Goodman. Ya shiga Boston Symphony a 1952, ya yi shekara 50. Sandunan da ake sayarwa a lokacin ba su gamsar da shi ba, sai ya fara sassaƙa nasa, ɗalibai suka ce a yi musu, abu ya zama kamfani. Duba sandar mai ganga a coci ko a wajen biki, ba mamaki ka ga sunansa a jiki.

Baban Ummi:
Malam, na ji bayani, amma ni ba zan ba ɗana shawarar wannan hanya ba. Kai da bakinka ka ce mutum ɗaya ya danne kujera shekara 46. Ɗaliban da ya yaye duk shekara fa, ina suka nufa? Jiran gawon shanu ke nan.

Malamin Kiɗa:
Ba ka yi ƙarya ba Alhaji. Akasarinsu koyarwa suke komawa, ko kiɗan opera, ko na fim, ko su riƙa karɓar aiki jefi-jefi. Shi ya sa ba a koya wa yaro timfani ita kaɗai, sai an haɗa masa da ƙaramar ganga, da marimba, da sauran kayan bugawa.

Hajiya Mai Lalle:
Kun yi ta lissafa maza. A cikin ɗaliban Goodman akwai Elayne Jones, baƙar fata 'yar Harlem, iyayenta mutanen Barbados. A 1972 ta ci gwajin San Francisco Symphony, wanda aka yi a bayan labule don alƙalai su ji kiɗa ba tare da sun ga mai yi ba. A 1974 kwamitin 'yan'uwanta makaɗa ya ƙi tabbatar mata da kujerar, ta kai ƙara kotu kan wariyar launi da jinsi, daga baya dai ta bar wurin. Ta ci gaba da kaɗa wa San Francisco Opera har 1998, ta rasu a 2022. Ke nan ba kowa ne ke samun shekara 46 ɗin ba, ko da kunnen nasa ya kai.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara sani. To Malam, wanda ba shi da gangunan a kusa, ta ina zai fara?

Malamin Kiɗa:
Fara da karatun rubutun kiɗa da fiyano, ka riƙa rera murya kana gwada ta da wata har ka iya cafko ta ba tare da an kaɗa maka ba. Hannu kuma ka motsa shi da sanduna biyu a kan faifan roba. In ka fara kallon bidiyo, lura da jerin gangunan: 'yan salon Amurka babbar tana hagunsu, 'yan salon Jamus tana dama. Ka zaɓi ɗaya tun wuri, sauyawa daga baya akwai wuya.