Katin ɗan ƙasa mai zanen yatsa zai hana jabu kuwa?

Ɗan Adar (Tawa): Assalamu alaikum. Makon jiya, a hanyarmu ta zuwa Ƙonni, an sauko da wani dattijo daga mota a shingen bincike, saboda katinsa ya sha gumi har hoton ya ɗaye, hatimin ma ya dushe. Ya rantse nasa ne, amma muka tafi muka bar shi tsaye da buhun albasarsa. Abin bai bar raina ba. Idan aka koma ga kati mai ɗauke da zanen yatsa, irin fasfon AES (ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso) da ya fara aiki ranar 29 ga Janairun 2025, jabu zai ƙare? Kuma a hannun wa bayananmu za su zauna?

Malam Isufu (Yamai): Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwaikwayon katin kansa zai yi wuya, amma ɓarnar tun daga tushe take. Ana ba da kati ne bisa takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta ga wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, kuma wannan hukuncin kan maganar shaidu yake tsayawa. Wanda ya sayi shaidun zur zai fito da kati na gaskiya mai ɗauke da sunan ƙarya, na'ura kuwa ta gaskata shi. Ni a ganina, rajistar haihuwa a ƙauyuka da rugage ya kamata a fara gyarawa.

Hajiya Rabi (Yamai): Malam, kun yi gaskiya, sai dai tambaya ta biyu ta fi damuna. A Nijar muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. To, amma mutum nawa suka san ƙofarta? Idan lamba ɗaya ta haɗa layin waya, asusun banki da tafiye-tafiyen mutum, mai riƙe da rumbun bayanan ya san rayuwarsa duka. A Nijeriya, tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, daga baya aka toshe layukan waɗanda ba su yi ba. Kati idan ya ɓace ana sake wani, yatsa kuwa ba a sakewa.

Ɗan Adar (Tawa): Na gode, Hajiya. Mahaifiyata ba ta da takardar haihuwa, kuma daka da surfe sun cinye zanen yatsunta. Idan na'ura ta ƙi karanta su, wace hanya ta rage mata?