Madubin Rana: Musayar Waƙa Daga Sakkwato

Tsohon Safiyo, Mabera:
Salamu alaikum, ma'abota baiti. Ga wani tsohon kayan aikinmu nan, wanda ya san shi ya amsa mini.

Da sunan Allah Mai sama da ƙasa,
Wanda ya hore mana wata da rana.

Ga ɗan gwangwani nan na tagulla,
Tafin hannu ya ishe shi wurin kwana.

Sekistan na aljihu, a bakin maƙera,
Da shi magabatanmu a aiki ke auna tsayin rana.

Kwance murfin, ka ɗaura shi a gindi,
Ya zama mariƙi, hannu ya zauna.

Madubai biyu ne a cikin cikinsa,
Guda a kafe, guda yana farautar rana.

Na kafen, rabinsa ba a shafe shi ba,
Ta nan ido ke hangen abin da ka nuna.

Bakansa kashi 1 cikin 6 na da'ira,
Digiri 60, amma 120 yake gwada mana.

Haske ne ke karyawa sau biyu,
Shi ya sa lissafin ya ninka, ku tuna.

A Ingila aka soma shi wajen 1800,
Soja da safiyo suka yi masa suna.

Ɗiyar Malam, Kanwuri:
Baba, sannu da ƙoƙari. Wanga abu ai ba baƙo ba ne a birnin Shehu.

Baba, ka ɗauko zance daga tsakiya,
Bari ɗiyarka ta koma inda aka fara.

A 1824 Bature Kilafaton ya iso garin nan,
Abdullahi ake ce masa, neman bakin kogin Kwara.

Waziri Giɗaɗo ya ba shi masauki,
Ya kai shi gun Bello don shawara.

Babban wan na hannunka ya zo da shi,
Mai bututun hange da gilasan ƙara.

"Madubin rana" mutane suka ce da shi,
Sarkin Musulmi ya ce a kawo a gwada a sarara.

Baƙo ya buɗe zanen sararin sama,
Yana zaton shi zai yi ishara.

Sai ga Bello yana kiran buruji duka,
Da taurari, da Larabci, ba gargada ba gyara.

Baƙon da kansa ya rubuta hakan,
Ba mu muka ƙaga ba don ƙawata sira.

Kuma kafin ya kama hanyar gida,
Daga fadar Bello ya karɓi taswira.

Masu lissafin Kaza da 'ya'yanta don shuka,
Ba yau suka san Gamzaki ba da Zara.

Ɗan Illela:
Yaya, na ji daɗin baitinki ƙwarai. Baba, a gafarce ni, ni abin nan ciwo yake tuna mini.

Baba, kuna yabon tagulla da madubi,
Mu nan mun san shi da sunan iyaka.

A 1898 Ingila da Faransa suka zauna,
A Faris, ba wanda ya tambayi kaka.

Suka kafa tsinke a tsakiyar Sakkwato,
Mil 100 suka ja, suka zana baka.

Shekara 5 kafin su zo yaƙin Giginya,
Sun riga sun raba gonar da ba su shuka.

Faransa ta ce hanyar Damagaram ba ruwa,
A 1904 da 1906 aka sake tsaga haka.

Sai masu awo suka biyo da jakuna,
Suna duban sama, suna kafa turaka.

Ƙonni ta koma can, Illela ta tsaya nan,
Gobir ta rabu, Tsibiri da Sabon Birni duka.

Gwaggona tana hayin, tafiyar ƙafa ce,
Sai an duba takarda kafin in taka.

Tsohon Safiyo:
Ɗana, ban musa maka ko baiti guda ba.

Abin da ka faɗa haka ya faru,
Wanda ya ce ba a yi ba ya yi ƙarya.

Amma a teburi aka yanke hukuncin,
Madubi bai san Ƙonni ba, bai san hanya.

Tambaya guda yake amsawa kullum:
Ina kake tsaye a bayan duniya?

Da irinsa matuƙin jirgi ke gane teku,
Da irinsa aka sa gari a taswira da rijiya.

Ciwona ni, ɗana, shi ne namu hannun
Bai riƙe shi ba sadda ake rabon dukiya.

Ɗan Illela:
Na karɓi rabi, Baba, rabin na riƙe,
Don hannun da ya auna shi ya kafa turaka.

Ɗaliba, Jami'ar Ɗanfodiyo:
Kaka, ni tambaya gare ni.

Wayata tana faɗa mini digiri 13,
Arewa da tsakiyar duniya, ban wahala ba ta.

Amma a teku ruwa ke haɗuwa da sama,
Nan ko gidaje da itace sun rufe ta.

To da mi kuke daidaita rana a tudu?
Ina son in auna da hannuna, in gaskata.

Tsohon Safiyo:
Madalla da wagga tambaya, jikata.

A tudu faranti muke girkawa a ƙasa,
Mutanen da su kan cika shi da zaiba.

Zaiba guba ce, ke zuba baƙin mai,
In ya kwanta lum, rana za ta fito ki duba.

Ki sauko da ta sama ta taɓa ta cikin mai,
Abin da ya fito, gida biyu za ki raba.

Sai kin sa baƙin gilashin kariya tukuna,
Mai duban rana tsirara ido zai sha azaba.

A Maris rana kan kai digiri 77 da tsakar rana,
Ninkinsa 154, bakan bai kai nan ba.

Don haka ki jira sanyi ya kankama,
Ranar 21 ko 22 ga Disamba.

Rana ta yi kudu, 53 da rabi za ki samu,
Ninkinsa 107, bakan bai gaza ba.

Ƙara 23 da rabi kan 53 da rabin, ki cire daga 90,
Ga 13 ɗinki, waya ba ta faɗa miki ba.

Ki zo da faranti, ki gayyato Ɗan Illela,
Shi zai riƙe agogo, bai tsira ba.