Me ya sa ake kiwon sauro a ɗakin gwaje-gwaje?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa tun 1976 masana kimiyya Trager da Jensen suka gano yadda ake rayar da ƙwayar cutar maleriya a cikin jinin ɗan Adam ba tare da majinyaci ba. To, idan haka ne, mene ne amfanin kiwon sauro da gangan, alhali shi ne muke yaƙa dare da rana?

Malam Na'ibi:
Wa'alaikumussalam, 'yata. Abin da ake rayarwa a cikin jini shi ne matakin da ke kawo zazzaɓi, amma matakin da ke fara shiga hantar mutum bayan cizo, wato sporozoite, a jikin macen sauro yake girma, kuma wanda ke son gwada riga-kafi ko maganin da zai tare cutar tun a hanta ba shi da makawa sai ya same shi. Ana fara raya ƙwayoyin maleriya nau'in Plasmodium falciparum har su rikiɗe zuwa maza da mata, abin da ke cin kusan mako biyu. Daga nan a gauraya su da jini, a zuba cikin wani ɗan ƙoƙon gilashi da aka rufe gindinsa da leda mai laushi ta Parafilm, ruwan ɗumi yana zagaya shi a kan digiri 37 na ma'aunin Celsius, don sauro ya ɗauka fatar mutum ce. Jinin nan ya huce kafin sauro ya sha, aikin mako biyu ya tafi a banza.

Hajiya Mai Dakin Sauro:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai kiwon kansa shi ne ainihin wahalar. Ɗakin yana buƙatar zafi kusan digiri 27, da iska mai laima sosai, da awa 12 na haske da 12 na duhu. Tsutsotsin sauron suna cikin faranti suna cin garin abincin kifi, manyan kuma suna tsotsar audugar da aka jiƙa da ruwan sukari. Akwai daren da wuta ta ɗauke mana, janareta ya ƙi tashi, da safe na tarar da sauro zube a ƙasan keji kamar an watsa ƙaiƙayi, kuma har yau abin yana damuna. Bayan kwana 7 ko 8 da shan jini muke fede cikin wasu don ƙidaya ƙullutun cutar, bayan kimanin mako biyu kuma mu cire jakar miyau, inda sporozoite yake taruwa, da allura a ƙarƙashin madubi, sauro ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan aikin hannu kamfanin Sanaria da ke Amurka yake haɗa riga-kafinsa, wanda aka gwada a Mali da Tanzaniya.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, Hajiya. Ba a tsoron ya kuɓuce ya ciji mutane?

Hajiya Mai Dakin Sauro:
Ana tsoro ƙwarai. Saboda haka ƙofa biyu ake bi, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, kuma sauron da ya sha jini mai cuta ana ajiye shi daban, a ƙidaya shi. Nau'in da aka fi amfani da shi, Anopheles stephensi, asalinsa Asiya ne, yana jure zaman birni, kuma an gano shi a jihar Gombe a 2020, shi ya sa ba na goyon bayan a kiwata shi a nan matuƙar Anopheles gambiae namu na gida zai yi aikin.