Me Ya Sa Ƙafafun Wasu Tsofaffin Jiragen Yaƙi Suke Da Tsawo Haka?

Ɗalibi daga Ringim:

Assalamu alaikum, malamaina. Na daɗe ina kallon hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a waya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda wasunsu suke tsaye a kan dogayen ƙafafu kamar zalɓe a bakin fadama, hanci a sama, wutsiya kusan a ƙasa. Ni a ganina, gajeriyar ƙafa ta fi ƙwari, ta kuma fi sauƙin naɗewa cikin fiffike. Mene ne ya tilasta wa maƙeran wannan tsawo?

Malamin kimiyya, Kazaure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ganinka daidai ne, domin su ma maƙeran ba don so suka tsawaita ƙafar ba. Farfela ce ta ja musu. Yayin da injuna suka ƙara ƙarfi, har aka kai ga irin injin R-2800 na kamfanin Pratt & Whitney mai ƙarfin dawakai kusan 2,000, sai ya zama ƙaramar farfela ba za ta iya kamo iskar da za ta ɗauke wannan ƙarfi ba, dole aka faɗaɗa ta. Ta jirgin F8F Bearcat na Amurka, wanda ya fara tashi a 1944, ta kusa mita 4 daga baki zuwa baki, alhali jikin jirgin ɗan ƙarami ne.

Ka kuma lura da cewa taya ta uku a wutsiya take. Idan jirgin ya ɗauki gudu zai tashi, wutsiyar ce take fara ɗagawa, hancin ya sunkuyo, bakin farfelar ya matso kusa da ƙasa, kuma da zarar ta taɓa, to ita da injin duk sun shiga hatsari. Tazarar da ke tsakanin bakin farfela da ƙasa ce ake saye da tsawon ƙafa. Matuƙi ma yana biyan nasa kason, domin a ƙasa hancin yana tare masa gaba, sai ya riƙa karkata dama da hagu kafin ya ga hanyarsa.

Makanike, Bichi:

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ni abin da ya fi burge ni shi ne dabarun da aka yi don a guje wa tsawon, saboda duk wanda ya gyara babur ya san cewa dogon ƙarfe ya fi saurin lanƙwasa idan ya sha duka. Jirgin F4U Corsair, wanda ya fara tashi a 1940, farfelarsa ta ɗan haura mita 4, kuma an yi shi ne don sauka a kan jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, inda saukar take kama da faɗuwa. Sai aka lanƙwasa fikafikansa suka gangaro ƙasa kafin su sake hawa, aka kafa ƙafar a daidai gwiwar, ta fito gajeriya mai ƙwari. Shi kuwa P-47 Thunderbolt, ƙafarsa takan miƙe da inci 9 idan an sauke ta, ta koma ta tsuke idan za a naɗe ta, don a bar wa bindigogi wuri a cikin fiffike.

Ɗalibi daga Ringim:

Na gode ƙwarai. Sai dai na ga wani marar farfela sam, F7U Cutlass, ƙafarsa ta gaba doguwa ce fiye da kima.

Malamin kimiyya, Kazaure:

Wannan dalilinsa daban ne. Cutlass ba shi da shimfiɗaɗɗiyar wutsiyar da take taimaka wa jirgi ya ɗaga hanci lokacin tashi, don haka aka tsayar da shi da hancin a ɗage tun yana ƙasa, yadda fikafikansa za su kama iska a ɗan gajeren filin jirgin ruwa. Ƙafar ta ba da wahala, tana yawan karyewa wajen sauka. A-4 Skyhawk na 1954 kuwa an ɗaga shi ne don babban bam ya samu wurin rataya a ƙarƙashin cikinsa ba tare da ya gogi ƙasa ba.