Mai zaƙin murya ko mai riƙe taro: wa za mu sa a gaba?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar kiɗa.

Mu biyar ne muke da 'yar ƙungiyarmu a Jos: jita biyu, jitar bas, ganga, sai mawaƙi. Yawanci waƙoƙin rock da pop na Turawa muke bi, mukan sirka da namu na Hausa. Mawaƙinmu ya samu aiki ya bar gari, yanzu mutum biyu ke neman gurbinsa, kanmu kuma ya rabu.

Na farkon muryarsa kamar zuma, ba ya taɓa kauce wa kiɗa. Amma da ya hau dandamali sai ya tsaya ƙiƙam, ido a kan takalminsa, ya rungume makirfo da hannu biyu kamar mai ɗumama hannu da kofin koko a sanyin Disamba. Na biyun muryarsa da kaushi, in ya ja ta sama sai ta tsage. Sai dai ranar Asabar a wata walimar gama makaranta janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa, yaron nan ya diro cikin mutane ya sa su tafi da amshi har aka tayar da injin. Ko mutum ɗaya bai koma kujera ba. Matsalarsa, cikin atisaye uku sau biyu ya makara. Wa za mu ɗauka?

Tsohon mai ganga: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka ba kanka amsa da labarin janareta. Je ka nemi bidiyon ƙungiyar Queen a taron Live Aid, filin Wembley na Landan, 13 ga Yulin 1985. Mutum kusan 72,000, ba don su kaɗai aka zo ba, manyan ƙungiyoyi ne jere, kowa da ɗan lokacinsa. Minti ashirin da ɗan ɗoriya suka yi. Ka lura da wurin da kiɗa ya tsaya gaba ɗaya, mawaƙinsu Freddie Mercury ya rage shi kaɗai da guntun sandar makirfonsa, yana jefa wa filin sauti suna mayar masa, yana ƙara tsawo suna bi. Babu jita, babu ganga, ko kalma mai ma'ana babu. Amshi ne tsagwaronsa, irin wanda muka sani tun daga Shata, sai dai nan 'yan amshin sun cika filin ƙwallo. Mu da ke zaune a baya muna kallon ƙeyar mawaƙi mun fi kowa sanin lokacin da taro ya kuɓuce masa: sai ka ga kawuna sun fara sunkuyawa kan waya, duk ƙarfin da za ka ƙara wa ganga ba zai dawo da su ba. Ɗauki na biyu.

Malamar murya: Baba, da girmanka, amma misalin nan bai yi wa yaran adalci ba. Freddie ai duka biyun ya haɗa, muryar da zai ja amshin da ita tana nan. Kada a fita da tunanin cewa tsalle-tsalle ya isa.

Mai tambaya, ka bambance abu biyu: kaushin murya daban, tsagewa daban. Kaushi ba aibi ba ne. Bob Dylan da muryarsa ta hanci ya shekara sittin ana saurarensa, har Nobel ya samu a 2016, ko da yake don rubutunsa aka ba shi. Tina Turner ma ba santsin murya ya kai ta ba, a 1988 mutum kusan 180,000 suka taru mata a filin Maracanã na Rio. Amma tsagewa alama ce ta cewa da maƙogwaro yake turo sauti maimakon ya ɗauko numfashi daga ciki. Wannan kuwa yana kashe murya. Adele, duk da ƙwarewarta, a 2011 sai da ta soke wasanninta na Amurka aka yi mata tiyata a Boston saboda jini da ya ɓalle a jijiyar muryarta. In yaronku yana tashi da dusasshiyar murya washegarin kowane wasa, ku tsaya ku gyara tun yanzu. Ku sauke sautin kiɗan ya yi ƙasa, da rabin mataki ko mataki guda, ƙungiyoyin rock da yawa haka suke ɗaure jitarsu. Ya riƙa ɗumama murya minti goma kafin ya hau, ya yawaita shan ruwa.

Mai tambaya: Anti, washegari kam da raɗa yake magana. Na ɗauka haka abin yake ga kowa.

Malamar murya: Ba haka yake ba sam.

Mai haɗa sauti: Tambaya ɗaya: kuna da lasifikar da ke fuskantar mawaƙi, wadda yake jin kansa da ita? In babu, to ihu yake yi don ya jiyo muryarsa a kan ganga, dole ta tsage. Na sha ganin an zagi mawaƙi alhali laifin kaya ne. Shi ma mai kunyar, wataƙila rashin jin kansa ne ya sa yake daskarewa yana kasa kunne.

Wata mamba: Ni makarar ce ta tsaya mini a rai, kowa ya tsallake ta. Mutum yana neman gurbi ma ya makara sau biyu, ina ga an ba shi? Kowa na ganin rawar Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones, ba a ganin horon da ke bayanta. Mahaifinsa malamin motsa jiki ne. A Afrilun 2019 aka yi masa aikin zuciya yana da shekara 75, a Yuni ya koma dandamali. Ba da farin jini kaɗai ake yin haka ba. Sannan halin mawaƙi shi ke riƙe ƙungiya ko ya watsa ta. 'Yan ƙungiyar Oasis a 2009 sun tarwatse a Paris ana dab da hawa dandamali, saboda rigimar Liam Gallagher da yayansa Noel. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, sai 2025 suka sake wasa tare. Ku da ba ku haɗa jini da yaron nan ba, ranar da tafi ya shiga kansa me zai hana shi raina ku?

Tsohon mai ganga: Hajiya ta faɗi gaskiya, wannan ban musa ba. Amma makara ana maganinta da tara. Mu a zamaninmu duk wanda ya makara shi ke sayen man janareta na ranar. Kunya kuwa ban san tarar da ke cire ta ba.

Ɗan Yamai: Ana cire ta, baba, ko a zauna da ita. Ku dubi Bombino na Agadas, mutum ne mai sanyin magana, amma in ya sunkuya kan jitarsa taro na rikicewa. Ku rataya wa mai kunyar jita ku gani, wani hannunsa ne kawai bai san inda zai ajiye ba. Kuma malam, ka duba cikin gida. Da mawaƙi Peter Gabriel ya bar ƙungiyar Genesis a 1975 sun gwada mawaƙa da yawa ba su dace ba, ƙarshe mai gangarsu Phil Collins, wanda shi ke koya wa masu zuwa gwajin yadda ake rera waƙoƙin, shi ya koma gaba, suka ɗauko wani ya riƙe ganga a wasanni.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Mai gangarmu dai in ya buɗe baki karnukan unguwa ke amsawa, wannan ƙofar a rufe take. Mun zauna jiya da daddare. Lasifikar gaba babu ita, za mu yi haya ranar Asabar mai zuwa. Za mu sauke sautin waƙa huɗu da rabin mataki, na biyun ya ja su, na farkon kuma ya ja biyu masu sanyi da jita a wuyansa, sauran ya yi amshi. Batun tara na faɗa wa yaron, ya yi dariya ya ce lita nawa. Anti, in ba damuwa zan turo miki muryarsa ta safiyar Lahadi ki saurara.